Ɗalibi ya faɗa wa ƙwaya: ina za a kai shi, wa zai biya?

 Zancen da nake so mu yi yau ya fi ƙarfin minti talatin na filin rediyo, shi ya sa na zauna na rubuta shi. Zancen kuɗi ne: kuɗin da ya kamata a ware don a gano ɗaliban jami'a da suka fara shaye-shaye tun da wuri, a yi musu magani kafin abin ya cinye su.

Kowace shekara, ranar 26 ga watan Yuni, duniya na tunawa da yaƙi da miyagun ƙwayoyi. Mu ƴan jarida mun san yadda ranar take gudana a wurinmu. A kafa rumfa, a jera kujeru, manya su yi jawabi, a tara katan-katan na tramol da ƙunshin wiwi a zuba musu fetur a cinna wuta, mu ɗauki hoto mu koma. Aikin kamawa aiki ne babba, ban raina shi ba. Ƴan sandan OCRTIS da jandarmomi da ƴan duwan suna sa ransu cikin hatsari. A watan Maris na 2021 sun kama tan 17 na wiwi a wani sito a Yamai, labarin da ya zaga duniya. Amma in hayaƙin ya lafa aka kwashe kujeru, yaron da ƙwayar ta riga ta shiga jininsa yana nan inda aka bar shi, kuma ba wanda ya yi maganarsa.

Har zuwa 2010 jami'ar gwamnati guda ce a Nijar, ta Abdou Moumouni a Yamai. A shekarar ce aka kafa na Maraɗi, Damagaram da Tawa, waɗanda yau muke kira Dan Dicko Dankoulodo, André Salifou da Djibo Hamani. A 2014 aka ƙara na Agadas, Diffa, Dosso da Tillaberi. Ma'ana yanzu dubban yara ne suke barin gidan iyayensu bayan sun ci bak, su zo birni inda ba mai tambayarsu ƙarfe nawa suka kwanta. Yaro ya taso daga Dakoro ko Tanut ko Madawa, ya tarar da ɗaki guda a site mutum da yawa sun cunkushe ciki, amfi ya cika tun kafin malami ya shigo, bursu ta yi jinkiri, ga jarrabawa ta matso. Wasu da dare su hau kabu-kabu don su samu na abinci, da safe su shiga aji ido jajir.

A irin wannan hali ne ƙwaya take samun ƙofa. Galibin waɗanda na yi hira da su ba don nishaɗi suka fara ba. Aboki ne ya miƙa musu guda a fada, a jefa cikin shayi ko kofi, wai tana kore barci, tana kashe gajiya, mutum ya kwana yana bita. Tramadol magani ne na ciwo mai tsanani, dangin su morfin. Wanda likita ke rubutawa a ordonansi yawanci mai miligram 50 ne ko 100, kuma babba ma ba a so ya wuce 400 a yini. Wanda ake sayarwa a bakin tasha da cikin kwanon masu tallan magani akwai mai 120, akwai mai 225, har mai 250. Guda biyu kawai na mai 225 sun riga sun wuce iyaka. Jiki kuma yana sabawa: wanda ya fara da ɗaya, bayan ƴan watanni sai uku ko huɗu kafin ya ji abin da ya ji ranar farko. In ta yi yawa tana kayar da mutum da jijjiga kamar mai farfaɗiya. In ya daina kwatsam kuma, sai ciwon gaɓɓai, zufa, rashin barci da faɗuwar gaba su taso masa, har ya koma ya sha don kawai ya iya miƙewa. Wanda ya saba da diyazefam shi nasa ya fi hatsari, don yankewa farat ɗaya na iya jawo masa jijjigar da za ta kai shi ga halaka. Shi ya sa "ka daina kawai, kai ba namiji ba ne?" ba ta isa magani ga wanda ya yi nisa.

Wata rana bayan mun rufe fili, wata uwa ta kira layin gidan rediyo ta ce ba ta so a sa muryarta a iska. Ɗanta yana shekara ta biyu a jami'a, ya zo hutu gida, ya faɗi a tsakar gida yana kumfa. Sun ɗauka iska ce. An yi ruƙiya, an yi hayaƙi, an sayar da tunkiya. Sai da abokin ɗakinsa ya zo duba shi, ya ja ta gefe ya gaya mata gaskiya. Ta ce mini: "Ɗana, ni ban kira don a yi mini wa'azi ba. Na san haramun ne, shi ma ya sani. Ka gaya mini wurin da zan kai shi." Na ce: "Inna, ki fara kai shi babban asibiti, ki nemi sashen masu taɓin hankali." Ta yi shiru, sannan ta ce: "In na kai shi can, gobe duk unguwa ta ce ɗana ya haukace. Wa zai ba shi mata? Ba wani wuri kafin can?"

Tambayarta ita ce zuciyar wannan rubutu. Tsakanin fadar da yaro ya karɓi ƙwaya ta farko da Pavillon E na babban asibitin Yamai, ko gidan kaso, akwai tafiya ta watanni, wani lokaci ta shekaru. Duk tsawon wannan tafiya ya kamata a ce akwai ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba tare da tsoro ba. Matsalar ba tamu kaɗai ba ce: rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 kan ƙwayoyi ya ce cikin mutum 11 da shaye-shaye ya zame musu ciwo, guda kaɗai ke samun magani, a wajen mata kuwa guda cikin 18. A ƙasa irin tamu, inda likitocin ƙwaƙwalwa ba su da yawa kuma akasarinsu suna Yamai, kowa na iya ƙiyasta inda muka tsaya.

To mene ne wannan binciken da nake ta faɗa? Da yawa in sun ji sai su ɗauka gwajin fitsari ne, a jera ɗalibai da kwalabe a hannu. Akwai abin da ya fi shi araha kuma ya fi shi amfani. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, tana da takardar tambayoyi da ake kira ASSIST. Tambayoyi 8 ne, akwai su da Faransanci, ana gama su cikin minti biyar zuwa goma. Ana tambayar mutum me ya taɓa sha, sau nawa a wata ukun da suka wuce, ko sha'awar abin tana damunsa, ko ya jawo masa matsalar lafiya, ta kuɗi ko ta karatu, ko wani nasa ya taɓa nuna damuwa, ko ya gwada dainawa ya kasa. Daga amsoshin ake raba mutane gida uku. Mai ƙaramin hatsari a yi masa bayani ya tafi. Mai matsakaicin hatsari a zauna da shi ƴar hira ta kamar kwata ɗin awa, ba zagi ba tsawa, a nuna masa inda hanyar ta nufa, a sa masa ranar dawowa. Mai babban hatsari a miƙa shi hannun likita. Anfirmiye da aka horar na iya wannan aiki. OMS ɗin tana da wani tsari mai suna mhGAP, wanda aka yi musamman don ƙasashen da ƙwararru suka yi ƙaranci, domin ma'aikatan lafiya na yau da kullum su iya kula da irin waɗannan matsaloli.

Gwajin fitsari shi kuwa abin da mutum ya sha a ƴan kwanakin baya kawai yake nunawa. Ba ya bambanta wanda ya ɗanɗana sau ɗaya da wanda ba ya iya tashi sai da ita, kuma kowane gwaji kuɗi ne. A Najeriya shugaban hukumar NDLEA, Buba Marwa, ya daɗe yana kira a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwaji, kuma na ji wasu iyaye a nan suna cewa mu ma a yi haka. Na fahimci zafin da ke sa su faɗi haka. Sai dai tambayar da nake yi musu ita ce: in gwajin ya nuna ja, sai me? In amsar ita ce kora daga makaranta, to mun kashe kuɗi ne don mu mayar da ɗalibi ɗan tasha. Wani ɗalibi ya taɓa turo mini saƙo ta WhatsApp, layi ɗaya: "Yaya, in na je likitan jami'a na faɗa, za su fitar da ni daga site su yanke mini bursu?" Muddin yaro bai san amsar wannan ba, ko an gina masa asibiti na zinariya ba zai shiga ba. Don haka abu na farko da za a rubuta a takarda, kafin a kashe ko dala, shi ne sirri: abin da aka faɗa a ɗakin likita ba ya zuwa ofishin shugaban tsangaya, ba ya zuwa komisariya, kuma wanda ya kawo kansa ba ya rasa gadonsa ko bursunsa.

Yanzu mu zo kan lissafi. Abin da ake bukata a kowace jami'a ba gini mai hawa ba ne. Ofisoshin CROU da ke kula da kwana da abincin ɗalibai suna da ɗakin shan magani. A ware ɗaki guda a ciki mai ƙofar da take rufuwa, wanda ake shiga don zazzaɓi da ciwon ciki ma, saboda kada duk wanda aka gani a bakin ƙofar a sa masa suna. A sa ma'aikata biyu da aka horar, namiji da mace. Macen dole ce, don ƴan mata ma suna sha, musamman siro mai kodin, kuma kunyarsu ta ninka ta maza. Budurwa ba za ta buɗe cikinta gaban namiji sa'an babanta ba. A samu likitan ƙwaƙwalwa ko masanin halayyar ɗan Adam da zai riƙa zuwa ko da sau ɗaya a sati. A tanadi magunguna na rage raɗaɗin dainawa, da kuɗin mota da na gado ga wanda sai an kai shi babban asibiti. A samu lambar tarho guda da ɗalibi ko uwarsa za su kira. Sai kuɗin bibiya, don ciwon nan yana komowa, kamar hawan jini ko ciwon suga, kuma wanda ya zame ya koma sha ba a cewa magani ya faɗi, ci gaba ake yi.

Don mu ga girman abin, mu yi misali kawai. A ce jami'a tana da ɗalibai 10,000, a ce an ware wa kowane ɗalibi dala ɗari, wato sefa 500, a shekara. Miliyan 5 ke nan. Ba za ta yi komai da komai ba, amma za ta horar da ma'aikata, ta buga takardu, ta riƙe layin tarho, ta biya likita mai ziyara. Ku kwatanta da abin da ake kashewa a taron bita na kwana uku a otal, da kuɗin zama da hutun shan kofi da riguna masu rubutu.

Na san abin da wasu za su ce, don sun sha faɗa mini a iska: wanda ya sayi ƙwaya da kuɗinsa ya yi magani da kuɗinsa, ga yara na mutuwa da zazzaɓin cizon sauro, ga tamowa, ga matsalar tsaro, sai a ɗauki kuɗin talakawa a kashe wa ɗan ƙwaya? Magana ce mai nauyi, kuma baitulmali ba rijiya ba ce. Amma mu duba abin da aka riga aka zuba. Kafin yaro ya taka jami'a ya yi shekara 6 a firamare, 4 a koleji, 3 a lise, shekara 13 ke nan in bai maimaita aji ba. Gwamnati ta biya malamansa, uwarsa ta sayar da ƙuli-ƙuli da ɗan akuya, ubansa ya rasa hannu guda a gona duk damina. Cikin waɗanda suka shiga aji ɗaya tare da shi, kaɗan ne suka iso inda ya iso. In muka bar shi ya zube a shekara ta biyu saboda rashin hirar kwata ɗin awa da maganin ƴan jikkuna, asarar ta kowa ce. Kuma kuɗin da muka ƙi kashewa yau za mu kashe shi gobe a gadon asibiti, a kotu, ko a ciyar da shi a gidan kaso. Rigakafi ya fi magani, mun fi kowa iya faɗar wannan karin magana, sai dai ba mu cika sa mata kuɗi ba.

Daga ina kuɗin zai fito? Ga inda nake gani.

Na farko, kasafin kuɗin ƙasa. A rubuta layi na musamman, da sunansa, cikin kuɗin da ake ba ofisoshin CROU, yadda ba za a karkatar da shi zuwa shinkafar resto ba in wata ya yi nisa. Shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja a 2001 cewa za su ba lafiya kashi 15 cikin ɗari na kasafinsu. Ko ba a kai can ba, wannan layin ƙarami ne. A 2024 hukumomi sun rage kuɗin jinya a asibitocin gwamnati da rabi, abin da ya nuna in an ga dama ana iyawa.

Na biyu, harajin taba da giya. Ana karɓarsa dama. A yanki wani ɗan kaso a ce na kula da masu shaye-shaye ne. Haka motoci da kuɗaɗen da kotu ta ƙwace daga hannun dillalai: adalci ne dukiyar da aka tara da lalata yara ta koma gyara su.

Na uku, hukumomin jihohi da ma'aikatun magajin gari, tare da masu hannu da shuni. Alhazan Maraɗi da na Damagaram sun gina masallatai da rijiyoyi ba adadi, Allah ya saka musu. Ɗaukar albashin ma'aikaciya guda ta shekara uku shi ma sadaka ce mai gudana, ko da ba a manna allo da sunan mutum a bango ba.

Na huɗu, abin da ba ya cin kuɗi sosai. Jami'o'in Yamai, Maraɗi da Damagaram suna da tsangayar koyon likitanci. Makarantun ENSP suna yaye anfirmiyoyi da ma'aikatan jin daɗin jama'a. Ɗaliban da suka kusa gamawa suna neman wurin sitaj. A horar da su, a sa musu mai kula, su yi aikin a tsakanin ƴan uwansu. Ƙungiyar ɗalibai ta USN, wadda ta iya tsayawa kan bursu da abinci da motocin safa, ta ƙara wannan cikin jerin buƙatunta, ta kuma zama mai sa ido kan yadda ake kashe kuɗin.

Abin da ba na so shi ne a dogara da kuɗin proje na shekara biyu. Mun ga irinsu: a zo da mota fara, a kafa allo, a raba huluna, ranar da kuɗin masu ba da agaji ya ƙare a sa kwaɗo a ƙofa. Yaron da ke tsakiyar magani ba ya jiran a sabunta yarjejeniya. Mun kuma ga darasi a tsarin jinya kyauta ga yara ƴan ƙasa da shekara biyar da aka fara a 2006: niyya mai kyau, amma da biyan kuɗin ya riƙa jinkiri, asibitoci da yawa sun wayi gari kantocin magani ba komai. In za a fara wannan aiki, a fara shi ƙarami, da kuɗin da aka tabbatar zai zo kowace shekara. Taimakon waje in ya zo ya tarar da mu a kan hanya. Senegal ta buɗe cibiyar kula da masu shaye-shaye ta CEPIAD a asibitin Fann na Dakar a 2014, kuma likitocinmu da dama a Dakar suka yi karatu, sun san hanyar zuwa su ga yadda ake yi.

Kada kuma mu yaudari kanmu cewa hani kaɗai zai wadatar. Najeriya ta hana yi da shigo da siro mai kodin a watan Mayu na 2018, bayan binciken BBC da ya girgiza mutane. Duk mai zuwa Jibiya ko Maigatari ko Illela ya san iyakarmu da su doguwa ce, kuma abin da aka toshe ta nan yana ɓullowa ta can, ko a sauya shi da wata ƙwayar. Muddin akwai mai nema, mai sayarwa zai samu hanya. Rage masu nema shi ne aikin da ɗakin nan zai yi.

Iyaye, ga naku. In yaro ya dawo hutu ya rame, ba ya barci da dare, ya yini a kwance, ya cika fushi, kuɗi ba sa zama a hannunsa, kada a fara da duka ko ɗaure shi da mari. A zauna da shi, a tambaye shi a hankali, a kai shi wurin likita, kuma a gaya wa likitan gaskiyar abin da yake sha da yawansa. Addu'a da magani ba sa faɗa da juna. In ya faɗi yana jijjiga, a kwantar da shi a gefensa, kada a cusa masa komai a baki, a garzaya da shi asibiti.

Ku kuma ɗalibai, abokin ɗakinka da kake rufa wa asiri yana buƙatar wanda zai raka shi likita fiye da wanda zai yi masa shiru.

Masu riƙe da alƙalamin kasafi a ma'aikatar ilimi mai zurfi da ta lafiya, da daraktocin CROU, muna jiran mu ji adadin da kuka rubuta wa wannan aiki a kasafi mai zuwa. Ranar 26 ga Yuni in mun zo ɗaukar hoton wuta, za mu tambaya ɗalibai nawa aka saurara a bana, nawa aka yi wa magani, nawa suka koma aji. Makirufo a buɗe yake ga duk wanda ke da amsa.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi. Sai mun haɗu a fili na gaba.